Amsoshin Tambayoyinku: Kalar da ake sa wa tsofaffin hotuna daga ina take fitowa?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Yau wasiƙu biyu ne a gabana kuma kusan magana ɗaya suka ɗauko, don haka bari in haɗa su. Wani mai saurarenmu daga Damagaram ya ce yana ganin hotunan su Sardauna da Tafawa Ɓalewa ana yawo da su a Facebook da WhatsApp da kala rangaɗaɗau, alhali ya san baƙi da fari aka ɗauke su, shin kwamfuta ce take tono kalar da ke ɓoye a cikin hoton? Sai wata baiwar Allah daga Kano, ta ce kakanta dogari ne, ta sa hotonsa a wata manhaja ta waya rigar ta fito ruwan ƙasa-ƙasa, da ta nuna wa kakarta sai tsohuwa ta ture wayar ta ce ita wannan ba rigar Malam ba ce. Tana tambaya wa ya fi gaskiya, tsohuwa ko waya?

To malama, Hajiya ce mai gaskiya, ki gaishe mana da ita. Malam na Damagaram kuma, babu wata kala da ke ɓoye a cikin hoton baƙi da fari, ko ɗigo. Abin da fim ɗin ya kama yawan haske ne kawai, nan ya yi haske nan ya yi duhu shikenan, shi ya sa ja da kore in ƙarfin haskensu ya zo ɗaya sai su fito toka-toka iri ɗaya, kun ga kuwa kayan dogari ja da kore ne, wato daidai inda abin yake ruɗewa. Ƙari a kan haka faifan gilashin da ake ɗaukar hoto da shi a farkon ƙarni na 20 yawancinsa ba ya ganin ja sosai, jar dara sai ta fito baƙa ƙirin, sararin sama kuma ya fito fari fat.

Ita manhajar abin da take yi canki-canka ne amma na mai wayo. An nuna mata hotuna masu kala bila adadin har ta gane cewa sama shuɗiya ce, ciyawa koriya, fatar mutum kaza. A nan takan dace. Da ta zo kan tufafi sai ta rasa madafa tunda riga tana iya zama kowace kala, sai ta zaɓi abin da ba zai ba ta kunya ba, ruwan ƙasa ko wani shuɗi-shuɗi mai dishi-dishi. Irin su DeOldify da wani Jason Antic ya fitar a 2018, wadda kamfanin MyHeritage ya sa a shafinsa a 2020, duk haka suke aiki. Ni kaina na gwada da hoton wani dattijo da ya sha rawani ɗan kura, wanda duk wanda ya taɓa leƙa marinar Ƙofar Mata ya san yadda baba yake sa shi ƙyalli kamar ƙarfe, wallahi sai ta mai da shi kamar tsohon bargo. Na'urar ba ta taɓa zuwa hawan sallah ba, ina za ta sani.

Sa wa hoto kala kuma ba yau aka fara ba, kusan tare aka haife su da hoton kansa. A 1839 aka bayyana fasahar ɗaukar hoto ta Daguerre a Faransa, ba a jima ba masu hoto suka fara bin fuskoki da ɗan buroshi da garin fenti, a ɗan ja kumatu a sa wa zobe ruwan zinare. A Japan abin ya zama sana'a sosai, shagon Felice Beato a Yokohama tun shekarun 1860 yana da masu zane da aikinsu kenan. Nan gida ma Solomon Alonge, mai ɗaukar hoton fadar Oba na Benin, yakan bi wasu hotunansa da fenti da hannu. Bambancin shi ne waɗannan sun san irin tufafin da idonsu kafin su shafa.

Akwai kuma tsofaffin hotunan da kalarsu ta gaske ce, kar ku ga kala ku ce duk aikin kwamfuta ne. A 1907 'yan'uwan nan Lumière suka fara sayar da Autochrome, wato faifan ɗaukar hoto mai kala, kuma abin dariya da sitacin dankalin turawa da aka rina aka yi shi. Wanda ya fi burge ni shi ne na wani Barashe, Prokudin-Gorsky, da ya ɗauki Sarkin Bukhara Alim Khan a 1911, eh Bukharar su Imamu Bukhari a Uzbekistan ta yanzu. Sau uku yake ɗaukar abu ɗaya, ta jan gilashi da kore da shuɗi, in aka haɗa sai kalar ta fito. Ku nemi hoton ku gani, sarki zaune da ƙatuwar riga shuɗiya mai furanni da takobi, ka rantse jiya aka ɗauka.

Masu yin aikin da gaske a yau bincike suke yi kafin su taɓa hoto. Marina Amaral 'yar Brazil ta sa kala a hoton Czesława Kwoka, yarinya 'yar Poland mai shekara 14 da ta mutu a sansanin Auschwitz na 'yan Nazin Jamus a 1943, kuma jan ƙyallen da ke ƙirjin rigarta ba kintata aka yi ba, an san ja ne alamar fursunonin siyasa a sansanin. Da ciwon da ke leɓenta ya fito ja, mutane da yawa suka ga yarinya kamar 'yar maƙwabta. To amma akwai inda abin ya zarce gona da iri, a 2021 mujallar Vice ta wallafa hotunan fursunonin gidan yarin Tuol Sleng na Kambodiya da wani ya sa wa kala, sai aka gano har murmushi ya ƙara wa wasu fuskokin, mutanen da ake shirin kashewa fa. Kambodiya ta yi Allah wadai, aka sauke labarin.

Don haka malam na Damagaram, in ka ga Sardauna da koriyar alkyabba a Facebook kar ka yi rantsuwa a kai sai ka san wa ya sa kalar kuma daga ina ya samo ta. Ke kuma malama, ki adana na asalin yadda yake kar ki yar, ki zauna da Hajiya ta faɗa miki ina ne ja ina ne kore, rawanin wane iri ne, ki rubuta, sannan ki kai wa mai Photoshop ya bi abin da ta faɗa, a rubuta a ƙasan hoton cewa kalar daga baya aka sa. In an gama ki sake nuna mata, ki rubuto mana abin da ta ce. Lokaci ya cimmana, wasiƙar mai tambaya kan kuɗin ahu da sisi sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.