Borin Jini Bayan Allurar Hoto: Ina Hannun Gado Yake?

Wannan lacca ce da wani likitan sashen hoto ya gabatar a wajen taron wayar da kai. An rubuto ta ne daga faifan da aka naɗa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena, yayyena da ƙannena, da abokan aikina da nake hangowa can baya, sannunku da zuwa.

Bari in soma da wata dattijuwa da aka turo mana domin hoton ciki. 'Yarta ce ke riƙe da ita. Nas ta ɗaure mata hannu da roba tana laluben jijiya, sai ta janye hannun, ta dube ni ta ce, "Likita, yayata da muke ciki ɗaya an taɓa yi mata wannan allurar, fuskarta ta kumbura har ido ya rufe. Ni ma abin da zai same ni ke nan?" Na ce, "Hajiya, me aka ce sunan ruwan da aka yi mata?" Ba ta sani ba. Aka buga wa ɗan yayar waya, ya ɗauko katin asibiti ya karanto mana. Abin da aka rubuta kawai shi ne ta yi alaji, wato borin jini. Babu sunan ruwan, babu bayanin abin da ya fito mata, babu maganin da aka ba ta. Wannan katin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma shi ya tsayar da ni a gabanku yau.

Tun 1895 da Wilhelm Röntgen ya gano hasken eksire a Jamus, ƙashi ne ke fitowa sarai a hoto, amma jijiyar jini da hanji da ƙoda sai su saje da juna. Shi ya sa ake zuba wani ruwa mai sinadarin aidin a jijiya, domin aidin yana tare hasken, duk inda ya bi sai wurin ya yi fari. Turawa na kiransa rini, amma in kun gan shi a kwalba garau yake kamar ruwan sha, sai dai ya fi shi kauri. Da shi muke hoton CT, da hoton ƙoda, da wanda ake yi wa mata don duba ko hanyar ƙwai ta toshe. Na MRI daban ne, shi gadoliniyam ke cikinsa.

Idan ruwan ya shiga, mutum zai ji ɗumi ya taso masa daga maƙogwaro har mara, ya ji ɗanɗanon ƙarfe a baki, wani ma ya rantse fitsari ya kufce masa alhali ko ɗigo bai yi ba. Wannan ba borin jini ba ne, cikin minti ɗaya ko biyu ya wuce. Borin jini shi ne ƙaiƙayi da rudu-rudu a fata, atishawa, kumburin leɓe da fatar ido. Mai tsananin shi ne wanda murya ke dashewa, numfashi ya sarƙe, awon jini ya faɗi ƙasa. A ƙarƙashin fata da hanyar numfashi akwai wasu ƙwayoyi da ake kira mast, cike suke da sinadarin histamin kamar tulu. Ruwan hoto kan iya fasa tulun kai tsaye, ko da jiki bai taɓa haɗuwa da shi ba, shi ya sa wani a karon farko abin ke kama shi. Yawanci cikin sa'a guda ake ganinsa, galibi ma a mintunan farko. Akwai kuma na jinkiri, ƙuraje su feso bayan 'yan sa'o'i har zuwa mako.

Ruwan da ake yi a da ya fi na yanzu zafi. Wani likita ɗan Suwidin, Torsten Almén, shi ya buɗe hanyar sabon samfurin a ƙarshen shekarun 1960. A 1990 aka fitar da wani babban bincike a Japan kan allurai 337,647: da tsohon ruwan, kusan mutum 22 cikin 10,000 suka yi mai tsanani, da sabon kuwa mutum 4.

To, ina hannun gado? Mu nan ba baƙin wannan tambayar ba ne. Waɗanda suka sha kulorakwin a cikinku sun san akwai gidan da kowa in ya sha sai ya kwana yana susa, tafin hannu da tafin ƙafa, ga maƙwabcinsu ya sha ya yi barcinsa lafiya. Jiki iri-iri ne, kuma daga iyaye ake ɗauko shi.

A 2019 wasu likitoci a Koriya ta Kudu suka fitar da sakamakon bin diddigin mutum 196,081 da aka yi wa hoton CT da wannan ruwan a asibitoci bakwai. Waɗanda suka yi borin jini kusan 7 ne cikin 1,000, masu tsanani kuwa 1 cikin 10,000. Da suka tace, abin da ya fi komai nuna haɗari shi ne mutum ya taɓa yi a baya. Wannan ya ninka haɗarin kusan sau 200. Amma ga wanda ya shafi Hajiya: wanda wani a danginsa ya taɓa yi, haɗarinsa ya ninka kusan sau 14. Ku riƙe wannan da kyau, ku kuma riƙe ɗaya gefen. Ninki 14 na ƙaramin abu bai kai ya zama hukunci ba, mafi yawan masu irin wannan dangin lafiya lau suke tashi daga kan gadon hoto. Sannan 'yan gida ɗaya ba jini kaɗai suka haɗa ba, sun haɗa tukunya da ƙura da iska.

Daga nan masana suka shiga cikin ƙwayoyin gadon kansu. Akwai wani rukuni da ake kira HLA, aikinsa shi ne ya ɗauko duk baƙon abin da ya shigo jiki ya nuna wa garkuwa, kamar mai unguwa ya kai baƙo gaban dagaci. Kowa da irin nasa, rabi daga uwa rabi daga uba. Wasu magungunan an riga an kama su dumu-dumu ta wannan hanyar. Mai HLA-B*57:01 ba a ba shi abakabir, maganin cuta mai karya garkuwar jiki. A Taiwan, a 2004, aka gano cewa HLA-B*15:02 na sa maganin farfaɗiya, kabamazafin, ya saɓule wa mutum fata. A kan ruwan hoto kuma, wani binciken Koriya na 2020 ya samu HLA-DRB1*15:02 ya fi yawa a cikin waɗanda suka yi mafi tsanani. Ɗalibai ku lura, lambar ta yi kama da ta Taiwan amma ba abu ɗaya ba ne. Binciken ƙarami ne, a kan al'umma ɗaya aka yi shi, kuma har yau babu gwajin gado da ake yi wa mutum kafin hoto, ko a Koriyar ko a Amurka.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, duk waɗannan alƙaluman na jinin wasu ne. Afirka ta fi ko'ina a duniya bambancin ƙwayoyin gado, amma mafi yawan binciken gado a kan Turawa aka yi shi, sai 'yan Asiya. Irin HLA da ke yawo a Seoul ba lallai shi ke yawo a Kano ko Damagaram ba. Ga mu kuma da auren zumunci, wanda ke tara irin gado ɗaya a gida ɗaya. Bincike daga rajista yake somawa, rajista kuwa daga katin nan take somawa, wanda aka rubuta wa "alaji" aka rufe.

Akwai wata magana da nake so mu binne a nan. Ana cewa wanda jikinsa ba ya ɗaukar jatan lande ko kifi, to aidin ne ba ya so, don haka kada a yi masa hoto. Ba haka ba ne. Aidin yana cikin gishirin miyarmu, jiki ma na buƙatarsa, rashinsa ke kawo maƙoƙo. Abin da ke tayar da bori a jatan lande wani sinadarin namansa ne daban. Mai asma da mai alajin magani ko abinci suna da ɗan ƙarin haɗari, su faɗa mana, amma ba a hana su hoto.

Hajiya dai mun yi mata hotonta. Mun bar allurar a hannunta, ta zauna kusa da mu rabin sa'a, adirenalin, allurar gaggawa ta borin jini mai tsanani, na kan tebur. Abokan aiki, wannan ba abin da za a je nema a kabad ba ne bayan murya ta dashe: rabin miligiram ne a tsokar cinya ga babba, nan take. Ba abin da ya same ta, kuma hoton ya nuna dutse ne a ƙoda, aka san abin yi.

Na ga hannu a sahun mata. Baba na tambaya, ita da kanta ta taɓa yi, yanzu kuma an sake rubuta mata hoto, ya za ta yi?

Baba, sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Kada ki bari sai ranar hoton. Ki koma inda aka yi miki na farko, ki roƙi a duba a rubuto miki sunan ruwan, ko iohexol ne, ko iopamidol, ko wani, da abin da ya fito miki, da bayan minti nawa. Da wannan takardar likita zai iya canza miki wani samfurin, kuma canjin na rage maimaituwar abin sosai. Wani lokaci a haɗa miki da magani tun sa'a 13 kafin hoton, wani lokaci kuma a ga sikanin ko MRI zai wadatar. Ki faɗi magungunan da kike sha, musamman na hawan jini da na suga, a kuma duba ƙodarki. Takardar nan ki sa a ɗauki hotonta a waya, ki tura wa 'ya'yanki da ƙannenki su ma su ajiye.