Kanar Chamberlain da Lissafin Harsashi a Gettysburg

Jama'a masu sauraro, sharhinmu na yau yana kan Joshua Chamberlain, malamin kwalejin Bowdoin a jihar Maine, wanda ya ajiye alli ya shiga sojan ƙasa a 1862, lokacin yaƙin basasar Amurka tsakanin Arewa da Kudu. Ya fara da muƙamin laftanar kanar a runduna ta 20 ta Maine, ya koyi aikin a hannun Kanar Adelbert Ames, ya ɗanɗani wuta a Fredericksburg, kafin a damƙa masa rundunar a 1863.

Ranar 2 ga Yuli 1863, a yaƙin garin Gettysburg, aka ajiye shi a tudun Little Round Top, can ƙarshen hagu na dagar sojojin Arewa, da mutum ƙasa da 400. In aka kewaye shi, duk layin ya shiga haɗari.

Sai an san bindigar zamanin kafin a gane abin da ya yi. Ta baki ake ɗura ta. Soja zai yage ƙunshin takarda da haƙori, ya zuba albarushi, ya tura dalma da tsinken ƙarfe, ya ɗora 'yar hular tagulla mai tayar da wuta, sannan ya harba. Gwani ma harbi uku yake yi a minti. Baƙin albarushi kuwa yana barin dauɗa a bututu, ana cikin harbi dalma ta fara ƙin shiga. Kowane soja harsashi 60 ya zo da shi, kuma a irin wannan ɗauki-ba-daɗi ba su daɗewa.

Da sojojin Kudu, mutanen jihar Alabama ƙarƙashin Kanar William Oates, suka nemi zagayo shi, Chamberlain ya sa sojojinsa suka yi ta matsawa hagu ba tare da sun daina harbi ba, sannan ya lanƙwasa ɓangaren hagun baya kamar gwiwar hannu. Wannan a ganina ya fi komai wuya a ranar. Da harsashi ya kusa ƙarewa, ya ce a ɗaura banati, wato wuƙar bakin bindiga, suka gangaro a guje. Ya kuwa dace, domin mutanen Oates sun yi tafiyar fiye da mil 20, waɗanda aka aika ɗebo ruwa ba su dawo ba, ga kuma mutanen Kyaftin Walter Morrill na rundunar Chamberlain sun buɗe musu wuta daga bayan katangar duwatsu.

Ranar 18 ga Yuni 1864 harsashi ya ratsa masa ƙugu a Petersburg. Janar Grant, babban kwamandan sojojin Arewa, ya ba shi birgediya janar nan take, don ana zaton ba zai tashi ba. Ya tashi, ya koma daga, shi ne ma ya jagoranci karɓar makaman sojan ƙasa na Kudu a Appomattox a Afrilun 1865. Daga baya ya yi gwamnan Maine, kuma ciwon nan na ƙugu bai rabu da shi ba har rasuwarsa a 1914.