Daga Yawunde zuwa akushin yaro: ina dokar abinci mai gina jiki take tsayawa?

[Hoto: kasuwar hatsi a Garwa da safe, ana auna dawa]

Assalamu alaikum jama'a. Yau za mu bi sawun dokokin gwamnatin Kamaru kan abinci, tun daga teburin da ake sa musu hannu a Yawunde har zuwa akushin da yaro ke ci a Garwa, ko Marwa, ko wani ƙauye a bakin kogin Logon. Wasu suna isowa, wasu kuma suna maƙalewa a hanya, kuma inda suke maƙalewar ne ya dame mu.

A 2018 an yi babban binciken lafiyar al'umma a faɗin ƙasar nan, aka auna tsawo da nauyin yara 'yan ƙasa da shekara 5. Kashi 29 cikin 100 sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A jihar Arewa kashi 41 ne, a Arewa Mai Nisa 37, a Adamawa 35. A Yawunde da Duwala kuwa abin bai wuce kusan yaro 1 cikin 10 ba. Mu da muke noma dawar da masarar da gyadar, mu da muke kiwon shanun da ake lodawa zuwa kudu, yaranmu ne suka fi tsumburewa.

Sau da yawa a gida sai a ce ai gado ne, kakansa ma gajere ne. Gado yana da nasa rabo, amma ba ya tsumburar da yara 4 cikin 10 a jiha guda. Ɓarnar tana faruwa ne a kwanaki 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara 2, lokacin da ƙwaƙwalwa da ƙashi ke ginuwa. Cikin yaro yana iya cika da tuwo kullum, jikinsa kuma yana rasa sinadarin ƙarfe da zinki da bitamin A. Ga gudawa, ga zazzaɓin cizon sauro, kowanne yana kwashe ɗan abin da ya samu.

[Hoto: kwalaben mai a kanti, buhunan fulawa a gidan burodi]

Babban matakin da gwamnati ta ɗauka ya fara aiki a 2011. Aka wajabta wa masana'antu su zuba bitamin A a cikin man girki da aka tace, su kuma zuba ƙarfe, zinki, folik asid da bitamin B12 a cikin fulawar alkama. Hukumar ANOR, mai kula da ingancin kayayyaki a ƙasa, ita ce ke tsara ma'aunin. Dabarar tana da kyau ƙwarai, domin ba a ce wa kowa ya sauya abincinsa ba, kana cin burodinka da fankenka kamar kullum, maganin yana ciki. Da aka koma aka auna jinin mata da yara a Yawunde da Duwala bayan fara aikin, an ga ƙarfe da zinki da folik asid da B12 sun ƙaru a jikinsu.

To amma mu shiga gida a nan arewa mu duba. Da hantsi an surfa dawa an shanya, yarinya ta ɗora kwano a ka ta tafi injin niƙa na bakin layi. Ta jira layi, mai inji ya juye, gari ya fito da ɗuminsa, ta biya ta dawo. Wannan garin shi ne tuwon dare, shi ne ɗumamen safe, shi ne kunun yaron da ake shirin yayewa. Bai bi ta kowace masana'anta ba, don haka babu ma'aikacin da zai zuba masa komai. Man miya ma haka. Wadda ke da hali tana sayen Diamaor na Sodecoton ko wani man kanti a rufe. Mafi yawa kuwa man ƙuli ne daga maƙwabciya, ko a je a auno na sefa 100 daga jarkar da ta wuni a rana a bakin kasuwa, alhali haske da zafi suna rage bitamin A.

A ganina nan ne giɓin yake. An gina dokar a kan abincin da ake saye a leda da kwalba, tsumburewa kuma ta fi yawa a gidajen da ke cin abin da suka noma. Burodi da fanke suna shiga ƙauye, ba na musu, amma ba su ne abincin yaro ɗan wata 9 ba.

Ku duba gishiri, shi ya yi nasara. Tun 1991 Kamaru ta wajabta sa sinadarin aidin a gishirin ci. Manyanmu suna tuna yadda maƙoƙo ya yawaita a wasu garuruwa, yanzu da wuya ka ga yarinya da shi. Dalilin a fili yake: babu gidan da ba ya sayen gishiri, mai kuɗi da talaka, kuma hanyoyin da yake fitowa ba su da yawa, ana iya sa musu ido. Shi ya sa masana suka daɗe suna kallon dunƙulen magi a matsayin abin da za a iya zuba wa sinadaran gina jiki, tunda shi ma yana shiga kusan kowace tukunya daga Ngaundere har Kusiri. Sai dai gishiri ya yi masa yawa, ba wanda zai ce a ƙara ci don neman lafiya.

[Hoto: ma'aikaciyar lafiya tana matsa ƙwayar bitamin a bakin yaro]

Matakin da ke isowa har zaure shi ne makon lafiyar uwa da yaro, wanda ake kira SASNIM, sau 2 a shekara. Ma'aikaciya tana yanke bakin 'yar ƙwaya mai taushi ta matsa mai a bakin yaro. Shuɗiya ta 'yan wata 6 zuwa 11 ce, ja kuma ta 'yan shekara 1 zuwa 5, tare da maganin tsutsar ciki ga waɗanda suka cika shekara. Bitamin A ne, yana kare ido daga dundumi, yana taimaka wa jiki idan ƙyanda ko gudawa ta zo. Kyauta ne. Maigida, idan sun yi sallama kana nan, ka sa a fito da yaran duka, har da wanda ke barci.

Ga mata masu ciki akwai takardar Chèque Santé da aka kawo jihohinmu 3 na arewa. Da sefa 6,000 ana samun awon ciki, haihuwa har da tiyata idan ta kama, da kulawa har kwana 42 bayan haihuwa. A wurin awon ne ake ba da ƙwayoyin ƙarin jini. Uwar da jininta ya yi ƙasa takan haifi ƙaramin jariri, shi kuma ya fara rayuwa a baya.

Sai shayarwa. Binciken 2018 ya nuna kashi 40 cikin 100 ne kawai na jarirai 'yan ƙasa da wata 6 ke shan nono zalla. Kowa ya san abin da ke faruwa a watan Afrilu a Marwa, zafi ya haura digiri 40, kaka ta dubi jariri ta ce wannan yaro ƙishi zai kashe shi, a ba shi ruwa. Tausayi ne ya sa ta faɗa. Amma kusan kashi 9 cikin 10 na nono ruwa ne, kuma ruwan randa yana iya zuwa da gudawa. Uwar ce ya kamata a cika wa moɗa, ta sha ta ƙara ba shi mama. Gwamnati ta yi doka a 2005 da ke taƙaita tallar madarar gwangwani ta jarirai, dokar ƙwadago kuma ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 14. Mai sayar da ƙosai da mai zuwa gona ba su da wannan hutun, kuma su ne mafi yawan matanmu.

[Hoto: gonar masakwa a karal, rumbuna, ambaliya]

Duk wannan yana tsaye ne a kan farashin hatsi. Daga Yuni zuwa Satumba rumbu ya yi ƙasa, sabo bai nuna ba, a lokacin ne asibitoci ke cika da yara masu tamowa. Tun 1975 aka kafa Office Céréalier a Garwa don ya sayi hatsi da kaka ya fito da shi idan ya yi tsada. Tunani ne mai kyau, amma abin da yake iya ajiyewa kaɗan ne idan aka kwatanta da bakunan da ke jira. A ƙarshen 2021 hukumomi sun dakatar da fitar da hatsi da mai da fulawa zuwa ƙasashen maƙwabta. Mai saye a gari ya ji daɗi, manomin da ke neman farashi mai kyau bai ji ba, kuma iyakarmu da Najeriya da Cadi doguwa ce.

Ga rikicin Boko Haram da ya raba mutane da gonakinsu a Mayo-Sava, Mayo-Tsanaga da Logone-et-Chari tun 2014. Ga ambaliyar 2024 da ta cinye gonaki da gidaje a yankin Yagwa da Kusiri. Iyalin da suka bar gonarsu sun rasa hatsi, sun rasa akuyar da ake tatsa, sun rasa zogalen bayan ɗaki.

Abin da nake so a gani shi ne tsari da zai bi abincinmu na gida. A tallafa wa ƙungiyoyin mata da ke haɗa garin kunun yara daga dawa, waken soya da gyada, a duba tsaftarsa, a saye shi don asibitoci da makarantu. Kafin nan, uwa tana da abin yi da abin da ke hannunta. Daga wata 6 kunun yaro ya yi kauri, kada ya zama tsararo mai zuba daga ludayi. A sa masa dakakkiyar gyada ko garin soya. A daka busasshen kifin Lagdo ko na Maga a barbaɗa a miyarsa ta kuka, ko tafasa, ko zogale. A ba shi ƙwai, maganar cewa zai koyi sata ba ta da tushe. Kuma a zuba masa nasa a ɗan kwanonsa, domin a babban akushi yayyensa sun fi shi saurin hannu.

[Hoto: igiyar awon dantse mai launi uku]

Idan rama ta riga ta kama yaro, maganinta yana asibiti kuma ba a biya. Shi ne wannan maɗin gyada da ke cikin 'yar leda, Plumpy'Nut, wanda aka haɗa da madara da mai da sukari da bitamin. Magani ne na yaro ɗaya, ba na rabawa da 'yan uwansa ba, ba kuma na kasuwa ba. Kaso mai yawa nasa ƙungiyoyin waje irin su UNICEF ne ke kawowa, kuma tun da Amurka ta zaftare tallafinta a 2025 ya kamata 'yan majalisarmu da magadan gari su riƙa tambaya nawa ƙasa ta ware daga aljihunta don sayensa.

Ana koya wa iyaye mata awo da kansu. A naɗa igiyar a tsakiyar dantsen hagu na yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5, ba a matse ba, ba a sake ba. Kore lafiya lau. Rawaya, wato tsakanin santimita 11.5 da 12.5, a kai shi a duba. Ja, ƙasa da 11.5, tamowa ce mai tsanani. Sannan a danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa a ƙirga uku a ɗaga. Idan gurbin yatsan ya zauna a duka ƙafafun, wannan kumburi ne ba ƙiba ba, a kai shi asibiti a ranar ko da igiyar ta nuna kore.