Chevrolet C10 ta 1969: tsatsa da birki tukuna, inji daga baya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau muna gareji a Houston, jihar Texas, ga kuma a-kori-kurar da za mu yi aiki a kanta: Chevrolet C10 ƙirar 1969, mai gajeren bodi. Irinta ce Amurkawa ke saukarwa ƙasa, su zuba mata inji mai ƙarfi, su kira ta hot rod. Zan zagaya da ku in nuna muku abin da ake fara taɓawa da abin da ake bari sai ƙarshe, domin yawancin waɗanda za ka tarar a yashe a bayan gidaje rabinsu a kwance, da fenti da rim aka fara musu.

Wannan ƙirar daga 1967 zuwa 1972 aka yi ta. Mai gajeren bodi, tsakanin tayar gaba da ta baya inci 115 ne, mai dogon bodi kuwa 127. Gajerar ta fi tsada, shi ya sa wasu ke yanke doguwar, su cire inci 12 a tsakiyar shasi da 8 a wutsiya. Idan an yi aikin da kyau babu laifi, amma ka leƙa ƙasa ka nemi layin waldar, ka ga ko an ɗora masa ƙarfen ƙari. Kafin ma wannan, takarda. Lambar da ke kan ɗan farantin nan na jikin ginshiƙin ƙofar direba dole ta yi daidai da ta takardar mallaka. Idan ba su dace ba, ko kyauta aka ba ka, kayan gyara ka samu, ba mota ba.

To, ku matso nan. Kusurwar kan motar, wato ɗakin direba, ta ƙasa, bayan ƙofa, ita ce ta farko da ke ruɓewa. Sai dokin ƙofa, sai daɓen da ke ƙarƙashin ƙafar direba, sai ƙafafun da kan motar ke zaune a kansu, sai gindin ƙofofi da kewayen gilashin gaba. Dalili ɗaya ne: ganye da laka suna toshe ramukan da ruwa ke fita, ruwan ya kwanta, ya ci ƙarfe daga ciki. Kafin ka ga fenti ya yi bororo a waje, ciki ya daɗe da tafiya. Ku ga wannan ɗan maganaɗisun. Nan ya kama, nan ma ya kama, nan kuwa ya faɗi. Fila ce aka cusa, wato ƙullin da ake shafawa a cike lotsawa, kuma da kauri; maganaɗisu ba ya kama ta. Fila ba ta da laifi idan ba ta wuce kaurin milimita 3 ba, a kan lafiyayyen ƙarfe. A toshe rami da ita kuwa, ruwa zai shigo ta baya ya ɗago ta.

Duk waɗannan ɓangarorin ana sayar da sababbinsu, sai dai ba kasafai suke zama daidai daga kwali ba, sai an rage nan an lanƙwasa can. Ga inda mutane ke ɓata kan mota gaba ɗaya: su cire ƙofa, su yanke dokin ƙofa, su yanke daɓe, duk a lokaci guda. Kan motar sai ya saki, bakin ƙofar ya karkace, daga nan ƙofa ba za ta ƙara rufuwa daidai ba. Abin da ake yi, a fara gyara hinjin ƙofa ta zauna daidai, a gicciya bututun ƙarfe a bakin ƙofar a ɗiga masa walda ya riƙe, sannan a yanke gefe ɗaya kawai. Sabon ƙarfen a riƙe shi da sukurori, a rufe ƙofa a duba tazara, kamar milimita 4 zuwa 5 ko'ina, kafin a sa wuta.

Ƙarfen bodin siriri ne, bai fi milimita ɗaya da 'yan kai ba. Injin walda na MIG ake so, da waya mai kaurin inci 0.023, da gas mai argon kashi 75, sauran 25 kuma CO2. Ba a jan layi. Ɗigo ake yi, a tsallaka inci biyu a sake ɗigawa, a bari ya huce har ka iya ɗora hannu, sannan a dawo a cike tsakani. Mai gaggawa zai ja layi ɗaya, zafi ya murɗe farantin, ya koma neman fila. Giranda ma tana zafafa ƙarfe, a bi da ita a hankali. Haka wankin yashi: shasi da ƙasan mota a fesa musu yashi babu damuwa, amma banet da rufi da fatar ƙofa, yashi mai ƙarfi yana sa su yi igiyar ruwa. Kuma a garin nan mai danshi, ƙarfen da aka tsiraita da safe kafin gobe ya fara ja, don haka ranar da aka wanke, ranar ake fesa masa firamar epoxy.

Yanzu mu shiga ƙasa. Abin da ya sa ake son C10 shi ne bayanta: maimakon sifirin mai ganye, yawancinsu sifirin mai naɗi ne da dogayen hannuwa biyu da ke riƙe da aksil. Saukar da aka fi yi ita ce inci huɗu da rabi a gaba, shida a baya. A gaba, sabon sifindil, wato ƙarfen da tayar gaba ke juyawa a kansa, yana ba da biyu da rabi ba tare da ya taɓa laushin tafiya ba, gajeren sifirin ya ƙara biyu. Kada a sa wa tsohon sifirin wuta don ya zauna. Ƙarfen zai mutu, gefe ɗaya ya fi ɗaya sauka. A baya, inci shida na nufin aksil ya matso kusa da shasi, duk ramin da ka faɗa sai sun yi karo. Sai a yanke shasin a saman aksil, a ɗaura masa ƙarfe mai lanƙwasa da aka yi don wurin. Ga kuma wannan sandar da ta gicciya daga shasi zuwa aksil. Idan mota ta sauka, tana tura aksil gefe guda, taya ɗaya ta riƙa gogar bodi. A sa mai zare wadda ake daidaita tsawonta, a auna tazarar tayoyin biyu har su zo ɗaya. Mazaunin shakazoba ma a canza shi, in ba haka ba zai kwanta ya daina aiki.

Birki. Ta 1969 durom ne ƙafa huɗu, noti shida a kowace taya. Sai a 1971 aka fara sa musu dis a gaba, da noti biyar. Tunda za a canza sifindil, a sayi wanda ke ɗaukar dis a yi aiki ɗaya. Idan ka koma noti biyar a gaba, sandunan aksil na baya ma a canza su, kada ka riƙa yawo da safaya iri biyu. Masta silinda ta durom ba ta dace da dis ba, a sa wadda ta dace, da bawul mai rage matsin baya don kada tayoyin baya su riga na gaba kullewa. Bayan a-kori-kura ba shi da nauyi, yana kullewa sai ta juya da kai. Bututun birki mai shekara hamsin da ɗoriya kuwa ba a tattaunawa a kansa, duka ake cirewa.

Ku leƙo bayan kujera. Wannan tankin fetur ne, a cikin ɗaki ɗaya da direba, haka kamfani ya yi su har 1972. Muna fitar da shi, a sa sabo a ƙarƙashin bodin baya tsakanin ƙarafan shasi, mai famfo a ciki, wanda dama sabon injin yana bukata.

Injin da ke ciki mai silinda shida ne, lita 4.1. Wasu za su sa tsohon injin Chevrolet 350 mai silinda takwas da kafireto, ba na ganin laifinsu, sifana da sukundireba sun ishe shi. Ni dai na fi son mai lita 5.3 na dangin injinan da ake kira LS, wanda ke cikin motocin Chevrolet irin su Silverado da Tahoe da Suburban daga 1999 zuwa wajen 2006. Ƙarfin doki 270 zuwa 295 yake bayarwa ba a taɓa shi ba, kuma yana nan jibge a filayen motocin da suka yi haɗari, inda kake shiga da kayan aikinka ka kwance da kanka. Ka ɗauko shi da giyarsa 4L60E, da wayarin, da kwamfutarsa. Idan mai totur na lantarki ne, kamar yawancin na 2003 zuwa sama, ka haɗo da fedal da ɗan akwatinsa.

Abubuwan da ke hana shi aiki sanannu ne. Kwamfutar tana da tsaron ɓarayi. Idan ba a goge shi ba, injin zai tashi ya mutu cikin daƙiƙa biyu. Fetur yana son matsi psi 58, tiyon kafireto ba zai ɗauka ba. Kaskon baƙin mai na Silverado yana da zurfi, a motar da aka saukar shi zai fara dukan titi, sai a sa gajere irin na motar Chevrolet Camaro. Wajen canza shi, ku kula da ɗan zoben roba na bututun tsotson mai: idan ya tsinke ko ba girmansa ba ne, famfo zai ja iska, matsin mai ya faɗi, inji ya tafi. Akwai kuma siririn bututun tururi a gaban kawunan injin. Ba a toshe shi, a kai shi lagireto, in ba haka ba iska ta taru a ciki ya riƙa zafi. Kafin a haɗa giya da inji, a tura kwanbata, wato tulun ƙarfen da ke zama tsakanin inji da giya, cikin giyar tana juyawa har ta shige ƙarshe. Idan aka ja ta da noti, famfon giya ya fashe.

Amfanin giyar nan a babban titi yake. Da aksil mai 3.73, wato farfela ta juya sau 3.73 taya ta juya sau ɗaya, da taya mai tsayin inci 28, a gudun mil 70 tsohuwar giya mai uku tana kai inji wajen juyi 3,100 a minti. Giya ta huɗu ta 4L60E tana rage juyin zuwa kashi 70 cikin ɗari, sai ya dawo wajen 2,200. Farfela kuma sai mota ta zauna a kan tayoyinta da nauyinta ake auna ta, ba tana kan jak ba.

Tsohon wayarin a cire shi duka, robarsa ta bushe. A ja waya mai kauri daga batir zuwa inji, inji zuwa shasi, shasi zuwa kan mota, kowace a kan ƙarfen da aka kankare.

Sai a haɗa komai tana cikin firama, da salansa da rim da gilashi, a hau ta 'yan makonni. Nan ne za ka gano inda taya ke goga, inda za a huda sabon rami, inda mai ke ɗiga. Bayan an gama huji da walda, a sake kwance ta a kai wa mai fenti. Yanzu bari in ɗauko bututun da za mu gicciya a ƙofar direba, mu auna bakin ƙofar daga kusurwa zuwa kusurwa mu rubuta, kafin giranda ta taɓa komai.