Daga Hawaii zuwa Atlanta: yadda kakar golf ta PGA Tour take tafiya

Masu kallo, ku ƙaddara kuna duban allon sakamakon wata gasar golf. Yammacin Juma'a ne, 'yan wasa sun gama rami 36, kuma an ja layi a tsakiyar jerin sunaye. Mutum 65 na sama, da duk wanda ya yi kunnen doki da na 65, su ne za su buga Asabar da Lahadi. Sauran kowa ya naɗe kayansa, ko sisi ba zai samu daga kuɗin gasar ba, alhali kuɗin jirgi da otal da albashin mai ɗaukar masa jaka duk daga aljihunsa suka fito. Wannan tankaɗen na Juma'a shi ne abin da ya kamata a fara fahimta game da kakar PGA Tour ta Amurka. Za mu ɗauki kakar 2024 mu bi ta.

Mako guda yana tafiya ne kamar haka. Litinin da Talata atisaye ne, ɗan wasa da mai jakarsa suna auna nisa, suna rubuta yadda ƙasa take gangarawa kusa da kowane rami. Laraba ana bugawa tare da baƙin masu ɗaukar nauyi. Alhamis gasa ta fara, rami 18 kullum har kwana huɗu, jimla 72, kuma wanda ya fi ƙarancin bugu shi ne zakara. Sanda 14 kacal aka yarda a saka a jaka. Idan aka samu ta 15, tarar bugu biyu ce a kowane ramin da aka buga da ita, iyakarta huɗu a zagaye.

Akwai abin da mai kallo a talabijin ba ya lura da shi. Idan 'yan wasa 156 ne, ana raba su biyu: wanda ya buga da safe ranar Alhamis zai buga da rana ranar Juma'a. Da safe ciyawa tana da laima, ƙwallo tana tsayawa inda ta sauka. Da rana iska ta taso, ƙasa ta yi tauri, takalma sun tattake gefen rami. In guguwa ta faɗo kan rukuninka, ƙarin bugu ɗaya ya isa ya kai ka ƙarƙashin layi.

Kakar 2024 ta buɗe a watan Janairu a Kapalua da ke Hawaii. A watan Maris aka yi The Players a Fulorida, mai kuɗi dala miliyan 25. Sai manyan gasa huɗu, ɗaya a kowane wata: Masters a Augusta cikin Afrilu, PGA Championship a Mayu, US Open a Yuni, sai The Open a Birtaniya cikin Yuli. Scottie Scheffler ya ci Masters, Xander Schauffele ya ɗauki ta Mayu da ta Yuli, Bryson DeChambeau kuma ya ci US Open a Pinehurst da ratar bugu ɗaya, bayan Rory McIlroy ya zubar da gajerun bugu biyu a rami na 16 da na 18.

To amma ba kofi ake ƙirgawa ba, maki ake ƙirgawa, na FedEx Cup, wato kofin da ake ba zakaran kakar gaba ɗaya. Lashe gasa ta yau da kullum maki 500 ne. Manyan huɗun nan da The Players 750. A tsakani akwai gasa takwas na musamman masu maki 700 da dala miliyan 20 kowace, kuma biyar daga cikinsu babu tankaɗen Juma'a, duk wanda ya shiga zai fita da kuɗi da maki. A nan ne muke ganin tsarin ya karkata: wanda ya riga ya shiga cikin 50 na sama a bara yana da kujera a dukkansu, shi kuwa sabon shiga sai ya yi ta fafutuka a gasannin da makinsu bai kai haka ba.

A watan Agusta ake rairaye. Mutum 70 na sama a maki su tafi Memphis, daga nan a rage zuwa 50, sannan 30 su ƙarasa East Lake a Atlanta. A 2024 ana ba na ɗaya a maki rangwamen bugu 10 tun kafin ya ɗaga sanda. Ga abin da hakan ya haifar: Collin Morikawa ya buga 262 a kwana huɗu, Scheffler ya buga 264, amma Scheffler ne ya ɗauki kofin da dala miliyan 25. Ba a ce bai cancanta ba, domin nasararsa ta bakwai ke nan a kakar, ban da zinaren Olamfik a Faris. Duk da haka ƙorafi ya yi yawa, kuma a 2025 an soke rangwamen.

Bayan Atlanta manya sun tafi hutu, sai yaƙin neman tsira ya fara. Daga Satumba zuwa Nuwamba ana gasannin ƙarshen shekara, inda waɗanda ba su shiga 50 ba suke ci gaba da tara maki. Wanda ya ci gasa ɗaya ya samu katin zama, wato izinin ci gaba da bugawa a PGA Tour, na shekara biyu, wanda ya ci ɗaya daga manyan huɗu kuwa shekara biyar. A 2024, wanda bai ci komai ba, dole ya kasance cikin 125 na sama a jerin maki bayan gasar ƙarshe ta RSM Classic a Jojiya. Na 126 zai koma jiran gurbi, sai an rasa mai cikakken kati a kira shi, kuma sau da yawa a ƙurarren lokaci. A ƙasa kuma, a 2024, 'yan wasa 30 daga Korn Ferry Tour, wato rukunin gasannin da ke ƙasa da PGA Tour, da 10 daga gasar Turai suka shigo don cike wuraren da aka bari. Daga kakar 2025 an matse layin daga 125 zuwa 100, katunan Korn Ferry kuma sun koma 20.