Jawabin Maraba ga Shugaban Tawagar Duba Aikin Sa Ido kan Tarin Fuka

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban tawaga, ranka ya daɗe, kai da 'yan rakiyarka barkanku da zuwa, sannunku da hanya. A madadin likitoci, ma'aikatan jinya, masu ɗakin gwaji da masu bin marasa lafiya gida-gida, ina yi muku maraba. Kun saba karanta rahoton da muke aikawa duk bayan wata uku, yau kuma ga ku a inda ake rubuta shi. Gani ya kori ji.

Ranka ya daɗe, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 10.8 ne suka kamu da tarin fuka a 2023, amma waɗanda aka gano har aka kai rahotonsu miliyan 8.2 ne kawai. Ragowar nan su ke hana mu barci, don mun san wasunsu na kusa da mu. Akwai wanda ya fi mako biyu yana tari, yana ta sayen magani a kemis. Akwai wadda asibitin kuɗi ya gano cutar a jikinta, bai sanar da kowa ba. Ga ƙananan yara da ba su iya fitar da kaki, sai a yi ta yi musu maganin wani ciwo dabam.

Ba za mu ɓoye muku laifinmu ba. In kun buɗe rajista za ku tarar da layin da aka rubuta suna da ranar fara magani, gurbin sakamako kuwa babu komai. Maganin na wata 6 ne. Mutumin ya sha na wata 2, ya ji sauƙi, lambar wayarsa ta daina shiga. Ko ya warke, ko ya rasu, ko yana can yana yaɗa ta a ɗakin da yake kwana da 'ya'yansa, Allah masani. Wannan gurbi yana yi mini ciwo ƙwarai. Na'urar GeneXpert, wadda ake gwada kaki da ita don gano cutar, tana ba da sakamako cikin kimanin awa 2, amma kakin kan yi kwanaki a kwalba kafin a samu mai kawo shi daga ƙaramin asibiti.

Roƙonmu shi ne ku jera rajistar ɗakin gwaji da ta masu shan magani, ku bi su suna bayan suna. Duk wanda gwaji ya tabbatar yana da cutar amma bai shiga littafi na biyu ba, ku nuna mana shi, mu tashi mu nemo shi.

Littattafan suna kan tebur, ranka ya daɗe. Bismillah.