Jawabin Maraba da Al'ummar Tsibirin Darak Suka Gabatar wa Mai Girma Gwamnan Jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Gwamna, mai girma Prefe na Logon da Shari, Su-prefe da Magajin Gari, shugabannin jami'an tsaro, masu martaba sarakuna, lawanai da bulamomi, malamai da shugabannin addini, iyayenmu mata da maza, barkanku da zuwa.

Ranka ya daɗe, a madadin masunta, masu banda, mata masu tuwo, masu shayi, matasa 'yan wasa da dattawan wannan tsibiri, muna yi maka lale marhabin. Ba sai mun tsaya lissafa ayyukanka ba, jama'a sun riga sun sani. Shugaban da ya baro Marwa, ya ratso Kusiri da Maltam da Makari, ya sha ƙura ya sha kwazazzabo, sannan ya yarda ya shiga kwalekwale don ya gan mu da idonsa, ya gama nuna mana irin zuciyarsa. Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma.

Kwamitin da ya rubuta wannan takarda ya yi shawara cewa kada mu ajiye babbar buƙatarmu sai ƙarshe, lokacin da rana ta take, kowa ya gaji. Buƙatar ita ce ruwan sha. Muna roƙon a haƙa mana rijiyar burtsatse mai zurfi, mai aiki da hasken rana, da babban tanki, da famfuna a kasuwa da unguwanni. Baƙo zai yi mamakin mutanen tsibiri suna kukan ruwa, to halinmu shi ne na ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Ka ba mu dama mu faɗi ko mu su wane ne. A 1963 faɗin Tafkin Chadi ya kai murabba'in kilomita 25,000, wuraren da muke noma a yau duk ruwa ne ya shafe su. Da farin da aka yi a shekarun 1970 ya zo, na 1984 ya biyo baya, tafki ya ja da baya, tudu ya fito. Iyayenmu suka bi ruwa da kifi har nan. Kotoko da Larabawan Shuwa da Barebari da Musgum da Masa da Hausawa, har da masunta daga Mali, kowa ya kafa bukkarsa ta zana, aka sare kainuwa da ciyawa, aka kori sauro da hayaƙi, aka yi masallaci, aka buɗe kasuwa. Babu wanda ya zana mana gari a takarda. Hannun talakawa ne ya gina Darak, kuma muna alfahari da hakan.

Mun kuma ga abin da garuruwa da yawa ba su gani ba. Shekara da shekaru muna tsakanin ƙasashe biyu, ana jayayya a kanmu, har Kotun Duniya ta Hague ta yanke hukunci ran 10 ga Oktoba 2002. A Disamban 2003 Najeriya ta miƙa wa Kamaru ƙauyuka fiye da 30 na bakin tafki, mu ma muna ciki. Ba a zubar da jini a ranar ba, mutanen garin nan suka karɓi tutar ƙasarsu da hannu biyu. Muka zaci daga nan hanya da wuta da ruwa za su biyo tuta. Kafin su iso, fitinar Boko Haram ta iso. Harin watan Yunin 2019 ya ci rayukan sojoji da na fararen hula a nan Darak, Allah ya jiƙansu. Aka taƙaita kamun kifi, kasuwar Tashar Baga ta Maiduguri da ke shanye bandarmu ta yi mana nisa, jari ya karye. Muna fara farfaɗowa sai ambaliyar 2022, sai ta 2024. Duk da haka ba mu gudu ba. Muna godiya ga jami'an tsaron da suke kwana a ruwa don mu yi barci.

Da za ka kwana a garin nan, ranka ya daɗe, da ka ga abin da muke tutiya da shi. Tun kafin a sallame sallar asuba mai koko da ƙosai ta hura wuta a bakin gaɓa, tana jiran masu dawowa daga duba koma da mali. Mai shayi ya jera biredinsa. Hantsi na yi, 'yan matan Shuwa sun iso da ƙwaryar nono da man shanu. Da azahar rumfunan abinci sun cika: tuwon masarar da muka noma a ƙasar da ruwa ya janye, da miyar ɗanyar kuɓewa da aka marmasa wa banda, ko miyar yakuwa, ko shinkafa da wake. Da yamma kuma sai farfesun tarwaɗa, da karfasa da aka tsaga aka shafe da yajin ƙuli aka ɗora a kan garwashi, mai ci yana tsaye yana jiran ta sauka da zafinta. Wanda ya ɗanɗani giwan ruwa da aka kama da safe aka soya da rana ba zai ƙara yabon kifin firji ba. Fatake daga Kusiri da Blangwa da Njamena sun san haka, shi ya sa ranar kasuwa ba a samun wurin zama a rumfa.

To amma da wane ruwa ake dafa wannan abinci? Rijiyoyin da muke haƙawa da hannu ba su da zurfi, ruwan da yawansu zartsi ne, ba ya shayuwa, ko wake ba ya nuna da shi yadda ya kamata. Ruwan tafki yana da daɗi a baki, sai dai a gaɓar da ake ɗibarsa nan ake gyaran kifi, nan ake wanki, nan dabbobi suke sha. In ambaliya ta zo, masai da rijiya sai su zama ɗaya. Mai tuwo tana sayen jarka daga ɗan garuwa, ta saka alif ta jira ya kwanta, in tana da hali ta tafasa. Itacen tafasawar kuwa da kwalekwale ake kawo shi, kuma shi ne dai itacen da masu banda suke rububi a kai. Ribar da za ta kai gida a tukunyar ruwa take ƙarewa. Wadda ba ta da hali, Allah kaɗai ke tsare ta da masu cin abincinta.

Nan ne maganar ta koma ta lafiya. Jihar nan ba ta manta da kwalarar 2010 ba, kuma duk damina da fargabar amai da gudawa muke kwana. Yaron da aka aika ɗibar ruwa sai ya shiga har ƙugu, daga nan tsargiya ta kama shi, har wasu iyaye sun ɗauka fitsarin jini alamar girma ce. Muna da ungozomomi, muna da wanzamai da masu ɗori da suka gaji sana'ar, muna da ma'aikatan lafiya da suke iya ƙoƙarinsu dare da rana, ana kuma raba gidan sauro. Amma likita ya ba yaro magani, uwa ta haɗa masa da ruwan da ya kwantar da shi, ina amfanin? An sha zuwa ana aune-aune, ana kafa turaku, ana ɗaukar hoto, a tafi ba a dawo ba. A wasu garuruwan yankin tafki an haƙa da zurfi an wuce laka, an samu ruwa mai kyau. Abin da muke nema ke nan, ba a sake yi mana gajeriyar rijiyar da za ta koma zartsi bayan shekara ba.

Matasanmu ma suna da nasu. Ba sa zaman banza: in kaka ta yi ana kokawa da dambe, yara suna langa, dattawa suna dara a gindin rumfa, ranar matasa ta 11 ga Fabrairu da ranar ƙasa ta 20 ga Mayu ana fareti da wasanni, masunta kuma suna gwada ƙwanji da tseren kwalekwale. Daren da Vincent Aboubakar, ɗan Garwa, ya jefa wa Masar ƙwallon da ta ba Kamaru kofin Afirka a 2017, gidajen kallon garin nan sai da suka kusa tsagewa. Filin ƙwallonsu kuwa ruwa ke cinye shi duk shekara. Suna roƙon a cike musu shi, a kafa raga, a sa fitilar sola. Wanda ya san yadda 'yan ta'adda suke farautar saurayin da ba shi da abin yi ba zai raina wannan roƙo ba.

Mata masu banda suna roƙon murhun zamani mai rage hayaƙi, domin idanun da yawansu sun lalace tun ba su tsufa ba. Masu kwalekwale suna roƙon rigunan ruwa. Muna kuma fatan a samu jirgi mai inji na ɗaukar marar lafiya, saboda mace mai doguwar naƙuda ba ta jiran gari ya waye.

Mun faɗi waɗannan ne don ka san su, ranka ya daɗe. In abu ɗaya kaɗai zai samu a kasafin bana, duk ɓangarorin nan sun zauna sun amince a fara da ruwa, har matasan sun ce filinsu ya jira. Da tsabtataccen ruwa za a iya yin ƙanƙara, masunci ya kai kifinsa ɗanye Kusiri ya sayar da daraja maimakon ya ƙone rabin kuɗinsa a itace. Mu ma ba za mu naɗe hannu ba. Mun ware fili a kan tudun da ambaliya ba ta kaiwa, matasa za su yi haƙan bututu kyauta, 'yan kasuwa sun yarda da ɗan kuɗin jarka da za a riƙa tarawa don gyara, kuma za a sa mata a cikin masu riƙe asusun, tunda su ne suka fi kowa sanin zafin abin.

Muna roƙonka, don girman Allah, kafin ka shiga kwalekwalen komawa ka ba da umarni a turo masu haƙa tun rani bai wuce ba, domin da zarar ruwa ya sauka babbar mota ba za ta iya kawo injin ko bakin gaɓa ba.

Iyayenmu mata sun shirya maka abinci da tsarabar banda, muna fatan za ka karɓa. Allah ya ja zamaninka, ya mai da kai da tawagarka Marwa lafiya, ya zaunar da Kamaru lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Kwamitin karɓar baƙi, a madadin al'ummar Darak.